Kiɗan Ruwan da Waya Ta Haɗiye

Jos,
8 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga 'yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai. Yaya babanki, Yaya Isyaku, da ciwon ƙafarsa? Idan kin leƙa Utai ki durƙusa ki gaishe min da Inna, ki ce autanta yana nan lafiya, sanyin Jos bai ga bayansa ba tukuna. Mu nan lafiya lau, sai matata Suwaiba da ta yi 'yar mura, ta kuma warware.

To ki gyara zama. Na samo shi! Shekara goma sha ɗaya ina neman faifan kakanki, marigayi Babba na Utai mai garaya, wanda aka ɗauka a tsakar gidanmu a 1974. Namu na gida ya fashe tun ban yi wayo ba, kuma tun daga nan babu wanda ya sake jin muryar Baba. Ranar Laraba wani mai sayen gwangwan ya shigo shagona da mataccen rediyo da kwalin tsofaffin faya-fayai, wai ko zan yi wani abu da su. Ina ɗaga na huɗu sai ga sunan mahaifina yana kallona. Ɗan ƙaramin faifai ne mai zagaye arba'in da biyar a minti, ya sha ƙura amma bai tsage ba. Wallahi sai da na shiga bayan kanta na share hawaye, don kada maƙwabta su ce mai gyaran rediyo ya taɓu.

Na ɗora shi a ɗan garmahona, na kara wayata a bakin sifika, na ɗauka da saƙon murya, na tura a zauren hirar dangi na waya. Ke nake so ki kai wa Inna da kanki ki kunna mata. Ai kin san tun muna yara take ba mu labari cewa ita ce ta yi kiɗan ruwa a cikin waƙar nan. Wai masu ɗaukar maza ne baƙi, don haka Baba ya sa ta zauna a bayan zana, ta kifa ƙwarya a kan ruwa cikin masaki tana bugawa, su ba su ganinta. Yanzu za ta ji hannunta da kunnenta.

Kin san ni ba na iya doguwar magana a waya, shi ya sa na rubuto. Yahuza direba zai miƙa miki a bakin gadar Wudil kamar kullum. Ki rubuto min yadda fuskarta ta yi.

Baffanki,
Lukman.

Wudil,
15 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Baffa Lukman,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Anti Suwaiba, Allah Ya ƙara sauƙi. Baba ƙafa da sauƙi. Karatu alhamdulillahi, mun shiga shekarar ƙarshe, injiniyanci yana ta wahalar da mu muna wahalar da shi.

Baffa, ka ce in rubuto yadda fuskar Inna ta yi. Da ma ban kai ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka taru a ɗakinta a Utai, ni da Baba da Gwaggo Lubabatu da matan maƙwabta. Na kunna. Muryar Kaka na fitowa Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Allah Sarki, Malam!" Sai na ga ta karkata kai, ta ɗaga hannun dama kamar mai jiran a ba ta hanya. Waƙa ta yi nisa, hannun yana sama. Waƙa ta ƙare, hannun yana sama. Ta ce, "Ina kiɗana?"

Na sake kunnawa har sau uku. Murya ce da garaya, sai wani shuuu a baya. Babu kiɗan ruwa ko na magani.

Gwaggo Lubabatu, ka santa da baki, ta ce, "Oh ni! Shekara hamsin ana ba mu labarin bayan zana, ashe zanar ce kaɗai a wurin." Matan suka ƙyalƙyale. Baba bai yi dariya ba, amma abin da ya yi ya fi dariyar ciwo. Ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro ya ce, "Inna, ƙila mafarki ne ya gauraya miki da gaskiya. Girma ne." Ta dube shi, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta mayar ta rufe, ta juya fuska bango.

A hanyar dawowa Baba ya yi ta lissafo min abubuwa: ta bar tukunya a wuta watan jiya, ta nemi carbinta yana wuyanta. Wa bai taɓa yin haka ba? Amma shi ya gama yanke hukunci. Ya ce ta fara ruɗewa, ba za a bar ta ita kaɗai ba, da an gama yankan gero zai rufe ɗakinta ya dawo da ita gidanmu a Wudil. Baffa, ɗakin da aka kawo ta tana amarya, inda ake hango kabarin Kaka ta taga. Inna da ba ta rufe baki da tatsuniya da tsokana, jiya na koma na ce, "Tsohuwa, ina tukwicin zuwana?" Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tuwon ma rabi take ci.

Ni dai ban yarda ba. Ina zargin yadda ka ɗauko sautin ne bai yi daidai ba. Kara waya a bakin sifika ba ɗauka ba ce, ɓarna ce.

'Yarka,
Khairiyya.

Jos,
21 ga Satumba, 2024.

Khairiyya,

Salamu alaikum. Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya.

Na karanta takardarki sau biyu, layin ƙarshe kuma sau biyar. Ɓarna! Ni Lukman, da na yi shekara ashirin da shida da ƙarfen liƙi a hannu, yau 'yar da na goya a kafaɗa zuwa kasuwar Juma'a ce take koya min ɗaukar sauti. Lallai ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. To ki ji, idan akwai mai ɓarna, wayoyin nan naku ne. Faifai abu ne mai rai. Muryar mutum ce aka zana a jikinsa, allura tana bin sawu tana tayar da ita kamar yadda aka ajiye. Yana da ɗumi. Naku kuwa lambobi ne, an yanyanka murya an zuba a gwangwani. Duk MP3 da na taɓa ji kamar mutum yana magana ta cikin bututun ruwa. Ku ne kuka yarda a sa muku waƙa dubu a abin da bai kai farce ba, sannan ku zo kuna tambayar ina kiɗa ya tafi.

Na huce kaɗan, don Suwaiba ta ce in sha ruwa kafin in ci gaba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni, kuma kada ki faɗa wa babanki. Da na gama fushi sai na ɗora faifan, na ajiye waya can gefe, na kasa kunne da kaina. Khairiyya, ni ma ban ji kiɗan ba. Akwai wani abu can ƙasa da nake ji kamar motsi, amma ban san ko kunnena ne ke yi min kara don ina so in ji ba. A takardar faifan ma sunan Baba kaɗai aka rubuta. Masu amshinsa duk sun rasu. Idan fa Yaya Isyaku ne da gaskiya? Ni na tayar da wannan magana da ɗokina, ni na ja wa Inna dariyar mata. Raina a ɓace yake ƙwarai.

Baffanki,
Lukman.

Wudil,
26 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga Baffana Lukman,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Bakina ne ya riga hankalina. Ban ce ba ka iya aikinka ba, Baffa, wane ni! Da wayar nake, ba da kai ba. Kowa lafiya. An fara yankan gero a gonakin Lajawa, na Utai saura kaɗan, ka ga lokaci ba ya jiranmu.

Ka ba ni dama in yi maka bayani da ɗan abin da aka koya mana, in na yi kuskure ka gyara.

Ba duk lambobi ne suke zubar da sauti ba. Iri biyu ne. Akwai wanda yake kamar a ninke zane a danna shi cikin akwati: ya ƙanƙance, amma in ka warware zanenka ne cif, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Shi ne FLAC. Akwai kuma wanda yake kamar a kai wa tela zanen ya rage shi da almakashi, ya yanke inda yake ganin ba za a lura ba. Nan MP3 yake, da 'yan'uwansa. In telan mai hankali ne, aka kuma bar masa wuri, da wuya kunne ya gane an taɓa. Amma saƙon murya shi ne telan da ya fi kowa rowa. Don magana aka yi shi, ba don kiɗa ba. Waƙar minti uku in an ɗauke ta cikakkiya takan kai megabayit talatin. Wadda ka turo na duba, ba ta kai rabin megabayit ɗaya ba. Ina sauran suka tafi? Ga shi kuma wayar tana da ɗabi'ar share duk abin da ta ɗauka hayaniyar baya ce, don murya ta fito fes.

Yanzu ka tuna yadda kiɗan ruwa yake. Ba ƙara gare shi ba, nauyi gare shi, dum dum can ƙasa, a ƙirji ake jinsa kafin kunne. Kuma daga bayan zana yake, nesa da makirfo. Irin wannan sautin ƙaramar sifika ba ta iya furta shi sam. Sifikar ɗan garmahonka nawa take? Na san shi, bai fi murfin kwano ba. Wato ƙofa uku kiɗan Inna ya zo wucewa, kowacce ta fi ta baya ƙunci: sifikar garmaho, kunnen wayarka, da almakashin saƙon murya. Ta huɗu ma ita ce 'yar sifikar wayata. Ko giwa ce ba za ta iso Utai ba.

Ga roƙona. Kada sautin ya bi ta iska ko kaɗan. Ka samo allura mai kyau, ka ja waya daga garmaho ta bi ta amfilifaya ta shiga kwamfuta kai tsaye. Ka ajiye shi a FLAC, kada ka bari wani ya ce zai goge maka ƙarar tsatsa, a bar shi da dattinsa. Ka zuba a memori ka ba Yahuza a ambulan. Sannan ka daina yawan kunna faifan, Baffa. Ka ce yana da rai, gaskiya ne, shi ya sa yake tsufa. Duk zagayen da tsohuwar allura ta yi tana cin wani abu da ba zai dawo ba.

Abu na ƙarshe. Na tambayi Inna ko akwai wata shaida da take tunawa a cikin waƙar. Ta ce, "Akwai, amma ba ta faɗuwa a bakina." Na yi juyin duniya ta ƙi ƙarawa. Ban gane ba.

'Yarka mai neman gafara,
Khairiyya.

Wudil,
17 ga Oktoba, 2024.

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mako uku ke nan babu amsa. Kullum na fito daga lacca sai na tsaya a bakin gada ina leƙen motoci, har masu sayar da kifi sun fara tambayata ko miji nake jira. Babu Yahuza, babu takarda. Wannan ma ta hannun wani direban Jos na aiko ta. Na kira wayarka sau biyu ka ce kana aiki, ka kashe.

In har yanzu fushi kake da ni, ka yi fushin, na cancanta, amma kada ya shafi Inna. An gama yankan geron Utai. Baba ya sa an yi wa ɗakin baya fenti, ya sayi katifa. Ya ce Juma'a ta sama, 25 ga wata, zai je da mota. Ni na san don ƙauna yake yi, shi ya sa abin ya fi wuyar faɗa. Inna ta fara rabar da kayanta. Ta ba maƙwabciya kajinta. Tsohon masakin nan nata da ke rataye ta ce in kai wa masu awo, wai ba shi da sauran amfani. Na karɓa na ɓoye a ƙarƙashin gadonta.

Ko kuwa ka gwada ne ka tarar babu komai, kake jin nauyin faɗa min? In haka ne ka faɗa, zan iya ɗauka. Shirun ne ba zan iya ba.

Khairiyya.

Jos,
20 ga Oktoba, 2024.

'Yata Khairiyya, injiniyar gidanmu,

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya lau muke, lafiya sumul! Wane irin fushi? Motar Yahuza ce ta kwanta a hanyar Ningi, injin ya buga, ya yi kwana goma sha biyu a gareji da takardarki a aljihun gaban mota. Da ta iso kuma sai na shiga farautar allura. Kin san neman allurar garmaho a wannan zamani? Har Bukuru na je wurin wani tsoho da ke tara kayan da. Lokacin da kika kira kuwa hannuna na cikin amfilifaya, kuma na rantse ba zan yi miki magana ba sai da abin faɗa.

To ga abin faɗa. Na wanke faifan a hankali da ruwa mai tsabta, na bar shi ya bushe a inuwa. Na ɗora a babban garmahon wani abokin sana'a, na ja waya kamar yadda kika tsara, muka ɗauka sau ɗaya tak. Sannan na cire faifan na mayar da shi rigarsa. Na ce to, bari mu ji gwangwanin Khairiyya. Na haɗa kwamfutar da manyan sifikun nan biyu da wani mai gidan biki ya kawo gyara.

Khairiyya, gilashin kantata sai da ya yi rawa. Dum, dum-dum, dum. Yana nan! Yana nan tun daga farkon waƙa, a ƙarƙashin garaya, kamar bugun zuciya. Na fito bakin shago ina kabbara, mai shayi ya ɗauka gobara ce.

Ban tsaya nan ba, don ni ma ina da taurin kai. Na sake ɗora faifan da kansa a sifikun, na rufe ido, abokina yana sauya min tsakanin faifai da FLAC ɗinki ba tare da na san wanne ne ba. Sau shida. Na canka uku, na faɗi uku, wato dai ban gane komai ba. Har ɗumin da nake taƙama da shi yana ciki, har ƙarar tsatsar. Na sara miki. Amma ki lura, faifan ne ya riƙe amanar shekara hamsin a cikin kwalin bola. Ina son in ga wayar da za ta yi haka.

Akwai kuma wani abu a cikin waƙar, bayan amshi na uku. Na ji shi, na zauna a ƙasa na yi dariya har da hawaye, na kuma gane abin da ya sa ba ya faɗuwa a bakin Inna. Ba zan gaya miki ba. Ki dai tabbata Yaya Isyaku yana wurin, kusa da sifika.

Memorin yana cikin ambulan, na naɗe shi a takardar sigari na liƙe. Kada ki kuskura ki kunna a waya. Ki je wurin Jamil mai kayan sautin biki a bakin kasuwa, ki ce ni na aiko ki, ya ba ki babbar sifika mai fitar da sauti mai nauyi.

Baffanki da ya sha kaye yana murna,
Lukman.

Wudil,
26 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Baffa Lukman,

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin ta mai cin nasara! Kowa lafiya, lafiyar ma har ta yi yawa. Ka kira Anti Suwaiba ta zauna kusa, don wannan takarda ba ta mutum ɗaya ba ce.

Jiya Baba ya ɗauki motar kwasar kaya. Na ce masa ina da kaya ni ma. Da ya ga Jamil yana ɗora sifika mai tsawon yaro ɗan shekara goma da batir, ya ce, "Ke kuma biki za ki yi?" Na ce, "Sallama za mu yi wa ɗakin, Baba." Ya girgiza kai ya ƙyale ni.

Mun tarar da Inna a zaune a kan ƙullin kayanta, ta yi lulluɓi. Gwaggo Lubabatu na nan, matan ranar nan ma duk sun zo ban kwana. Na ce a ba ni minti uku. Inna ta ce, "Ke dai ba kya gajiya da tona min asiri." Na shiga na jawo masakin daga ƙarƙashin gado, na cika shi da ruwa, na kifa ƙwarya a kai, na ajiye a gabanta. Sannan na kunna.

Baffa, bugun farko kajin maƙwabta suka watse. Ruwan cikin masakin da kansa ya yi zobe-zobe. Gwaggo Lubabatu ta ce, "La'ilaha!" ta dafe bango. Inna ta zame daga kan ƙullin, ta ture mayafi, ta jawo masakin tsakanin ƙafafunta. Hannunta ya sauka a kan ƙwaryar daidai da na cikin sifika, kamar jiya ta ajiye. Ba ta riga ba, ba ta makara ba. Har wani ɗan karya kiɗa da ake yi a ƙarshen kowane baiti, tare suka yi, ita da yarinyar nan ta bayan zana.

Amshi na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ana gama na uku sai Inna ta ɗauke hannunta cak, ta kai shi bayanta tana jijjigawa kamar mai lallashin goyo. A daidai wannan lokacin kiɗan cikin sifika shi ma ya tsaya. Kuma a cikin shirun, can nesa, siriri amma ba mai musu, sai ga kukan jariri. Inyaa, inyaa, sau biyu. Sannan kiɗa ya dawo, hannun Inna ya dawo tare da shi.

Na kashe. Baba ya ce, "Wane yaro ne wannan?"

Sai a lokacin na gane, Baffa. Baba ne ɗan farinta. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ko ta ba da labarin ƙuruciyarsa a gaban mutane. Shaidar tana hannunta tun ranar farko, amma ta gwammace a ce ta ruɗe, a rufe mata ɗaki, da ta buɗe baki ta ce ɗan farinta ne a bayanta. Kunya ce ta kusa fitar da ita daga gidanta.

Ba ta dube shi ba. Ta tsame hannu daga ruwa tana yarfewa, ta dubi Gwaggo ta ce, "Ku tambayi mai gardamar. Tun yana baya yake katse min kiɗa."

Wayyo Baffa, gidan ya kece! Wata ta rangaɗa guɗa har sau uku. Gwaggo Lubabatu ta durƙusa tana cewa, "Inna ki yafe min, bakina ne." Baba kuwa, Baba da ko a jana'iza ban taɓa ganin hawayensa ba, ya cire hula, ya zauna a ƙasa gabanta ya ce, "Inna, na yi kuskure." Ta ce wa bango, "A gaya masa ya sauke min kayana, ya kuma karɓo min kajina."

Da kansa ya kwance ƙullin. An yi shawara a gabanta, da bakinta a ciki: tana nan a ɗakinta, Gwaggo za ta riƙa kwana da ita, mu kuma muna zuwa duk Juma'a. Katifar da aka saya an kawo mata nan. Ta ci tuwo malmala biyu, ta ce min miyar ba gishiri, ta kuma ce wai mijin da zan aura sai ya iya ɗaukar sifika. Inna ta dawo.

Sau tara aka kunna waƙar kafin batir ya mutu. Duk wanda ya ce a tura masa a waya na ce ya zo Utai ya ji da ƙirjinsa. Na yi kwafi uku na ajiye a wuri uku. A cikin fayil ɗin akwai gurbin rubuta sunayen masu kiɗa, na bar shi sai na ji daga gare ka.

'Yarka,
Khairiyya.

Jos,
1 ga Nuwamba, 2024.

'Yata Khairiyya,

Wa'alaikumus salam. Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Muna lafiya. Suwaiba ta sa na karanta mata wurin kajin sau uku. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba ki abin da kike nema a karatun nan. Ki gaishe da Yaya Isyaku, ki ce ina taya shi murna, ashe shi ne mawaƙi na biyu a gidanmu.

Gardamarmu ni da ke kuwa, a bar ta haka: ni na riƙe faifai, ke ki riƙe lambobi, Inna ta riƙe gaskiyarta. Ranar Juma'a mai zuwa ina tafe da kaina a motar Yahuza, faifan a kan cinyata, don a ɗakinta ya kamata ya zauna.

Jiya na ɗauko rigar faifan na gyara abin da kamfani ya manta shekara hamsin. Ban taɓa rubuta sunan mahaifiyata da hannuna ba sai jiya. Ki kwafa a gurbin nan naki daidai yadda na sa, kada ki rage ko harafi:

Waƙa da garaya, Babba na Utai.
Kiɗan ruwa, Hansai.
Kuka, Isyaku.

Baffanki,
Lukman.